Abin da Turawa suka rubuta a kan kakan Balushi

Shekara goma sha ɗaya na yi ina gyaran akwatunan alhazai a Anbariyya, kuma ban tuna ranar da na shanye kofin shayi ba tare da kakan maƙwabcina ya faɗo cikin hira ba. Maƙwabcin nawa tsoho ne mai sayar da darduma, ɗan ƙabilar Balushi ta can wajen Karachi. A nan Madina aka haife shi, bai taɓa taka ƙasar kakanninsa ba, amma ya san kowane kwazazzabo nata kamar shi ya haƙa. Kakan nasa, in ji shi, shi ya hana Turawan Ingila sakat a zamanin mulkinsu. Yakan karɓi bindigogi daga jiragen ruwan da ke tsallako teku, ya ɗora wa raƙuma, ya ratsa duwatsu ya kai wa ƙabilun da suka ƙi sunkuyar da kai. Yawan bindigogin kuwa ya danganta da yawan masu sauraro. In ni kaɗai ne, arba'in. In alhazai sun tsaya taya darduma, sai su haura ɗari biyar.

Ban taɓa musa masa ba. Nawa kakan da ƙafa ya baro ƙasar Hausa ya yada zango a Sudan, gudun waɗannan Turawan dai, saboda haka daɗi nake ji a ce wani ya taɓa gasa musu aya a hannu.

Wata rana ya shigo shagona da takardu uku. Wani ɗan'uwansa a Karachi ya turo hotonsu daga ma'ajiyar tsofaffin takardun Turawa. Rahoton jami'in da ke sa ido a kan iyaka ne, ga sunan kakan a ciki, ga na ƙauyensu. 'Ya'yansa sun gwada karantawa sun kasa, don rubutun hannu ne mai lanƙwashe-lanƙwashe irin na da. Ni kuwa a Sudan na yi makaranta, a hannun malamin da ya koya mana irin wannan rubutu da bakin rula.

"Ya Hausawi," ya ce, "ranar Juma'a bayan la'asar, a gidana na Aziziyya. Na gayyaci dattawanmu, na sayi rago. Kai za ka karanta."

Da ya fita na duba takardun. Shekara uku jami'in ya sa ana bin mutumin. An kwance kayansa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kullum busasshen kifi. Ya rubuta cewa mutum ne mai yawan surutu, matsoraci, wanda ya taɓa faɗowa daga raƙumi don wani soja ya harbi tsuntsu. Shawararsa a ƙarshe ita ce a daina ɓata lokacin gwamnati a kansa.

Na tausaya wa tsohon nan ƙwarai. Gidan da yake ciki na haya ne, ba shi da sarauta, kakan nan ne duk abin alfaharinsa. Na yanke shawarar in yi masa ƙarya.

Ranar Juma'a ɗaki ya cika. Aka zagaya da gahawa, aka miƙo mini takardu. Na gyara tabarau na fara zuba. Na ce mutumin ya gagari kowa, na ce sojoji na jin sunansa su yi ta kansu, har na ba jami'in ciwon kai da furfura. Dattawa na ta gyaɗa kai. Mai gida dai yatsana yake kallo.

"Ya Hausawi, yatsanka na kan layi ɗaya tun ɗazu, bakinka kuwa ya je Makka ya dawo. A garin Manzon Allah kake zaune. Karanta abin da ke nan."

"Ya ammi," na ce, wato baffa da Larabci, "Turancin da ne, yana da faɗi."

"Karanta."

Na karanta. Da na zo kan kifi wani ya yi tari, da na zo kan tsuntsu kuwa wani dattijo, wanda nasa kakan ya yi zaman kurkukun Turawa na gaske, ya saki dariya har gahawa ta zube masa a riga. Mai gida ya sunkuyar da kai. Na so in tsaya, ya yi mini alama da hannu in ƙarasa.

Takarda ta uku ban ɗauke ta a bakin komai ba sa'ad da na fara ganinta. Jami'in yabon kansa yake yi. Ya ce duk tafiya matar mutumin na tare da shi, da tsohon ciki, tana zaune bisa raƙumi a kan wata doguwar shimfiɗa naɗaɗɗiya. Ya hana sojojinsa sauko da ita, don a ga gwamnati na mutunta al'adar mutane. Sau ɗaya ma, da ƙabilu suka tayar da ƙayar baya, ya haɗa su da sojoji huɗu suka raka su har suka fita daga duwatsu. Ya rufe da jajanta wa talakan da matarsa ba ta rabuwa da ciki.

Tsohon ya ɗago kai a hankali. "Sau nawa ya gan ta da cikin?"

"Duk tafiya, ya ammi. Shekara uku."

"Mahaifina kaɗai ta haifa. Shi ma sai da suka zo Madina."

Can dattijon nan mai jiƙaƙƙiyar riga ya dafa cikinsa ya ce, "Harsashi." Wani ya ce, "Shimfiɗar kuma bindigogi." Sai dariya ta ɓarke fiye da ta farko, yanzu a kan Bature da sojojinsa huɗu. Ni ma na yi har da hawaye.

Mai gida bai yi ba. Ya ce ya san matar. Yana yaro tana zaune a lungun ɗaki tana tsince shinkafa, mahaifinsa na ba baƙi labarin jarumtar mijinta, ita ko uffan. Su yara kaka kawai suke ce mata, kuma kashedi ake musu kada su dame ta da hayaniya, wai tsoro gare ta.

Ya turo mini takardar. "Duba da kyau. Sun rubuta sunanta?"

Na bi layi-layi har sau biyu. Matarsa kawai aka rubuta.

Ya juya ga dattawa, ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya sani. Aka shigo da ragon, ya ce mu ci, shi bai sa hannu ba.

Washegari bayan sallar asuba ya roƙe ni in raka shi maƙabartar Baƙi'a, inda ba a rubuta sunan kowa a kan kabari. Muka tsaya a bakin hanya, ya daɗe yana duban duwatsun nan masu kama da juna. Daga baya ya ɗaga hannu ya ce, "Ya Allah, Kai dai Ka san ta."