Na'Allah Mai Rediyo da Buɗaɗɗiyar Motar Alhaji Mainasara

Faɗan da Inna Daso ta yi da Na'Allah mai gyaran rediyo, ita kaɗai ta yi abinta. Shi bai ma san an yi ba.

Daso mai awon gero ce a bakin tashar Bodinga, tana wurin tun haƙoranta na cike. Rana tsaka wani siririn mutum daga Dingyadi ya zo ya kafa teburi dab da buhunanta, ya zube wayoyi da matattun rediyo. Safiya uku tana ce masa ina kwana, yana duƙe ya ba ta baya, ko uhum. A ta huɗu, da sassafe kafin tasha ta cika, ta tsaya a bayansa ta wanke shi tas, tun daga karkatacciyar hularsa har kakannin da suka kasa koya masa gaisuwa. Tana cikin yi, tayar wata babbar mota ta fashe a tsallaken titi. Jakuna suka tsinke, mudu ya suɓuce daga hannunta. Mutumin nan kuwa yana nan yana zura waya siririya kamar gashi cikin wani ɗan rami, hannunsa ko motsi.

Sai ta zagayo ta gabansa. Ya ɗago da fara'a ya gaishe ta kamar yanzu ta iso. Ta taɓa kunnenta, ta ce, "Tun yaushe?"

Fara'ar ta zube. Ya waiga dama da hagu kafin ya ba ta labari. Ubansa manomin albasa ne, shi kuwa tun yana ƙarami ba ya ganin abu mai murfi bai buɗe ba, har aka gaji aka kai shi Sakkwato wajen wani Bayarabe mai gyara. Shekara takwas ya yi can. Ya iya aiki, ya yi aure, sai sanƙarau ya kama shi wata bazara. Ya tashi da ransa, amma duniya ta yi tsit. Magana ba ta ɓace masa ba, kuma ya koyi ɗaukar zance daga leɓen mutum. Ya gudo Bodinga ne domin ba a san shi ba. Ya roƙe ta don Allah ta rufa masa asiri, gama ranar da gari ya ji kurma ne ke gyaran rediyo, ranar teburinsa zai zama wurin shanyar kuɓewa.

Daso ba ta yi alkawari ba. Ta dai ce masa ya gyara hular nan tasa. Amma kashegari aka ga wani dogon katako ya bi ta ƙarƙashin kujerarta zuwa ƙarƙashin tasa. In an kira shi ta baya, sai ta doki katakon da diddige. In ya kunna rediyon da ya gama gyarawa, ita ce kunnensa: murya ta fita tas, sai ta ci gaba da awo, tana shaƙe, sai ta gyara ɗankwali. Shekara shida suna haka, babu wanda ya gane. Mutane cewa kawai suke Na'Allah bai son surutu.

Ita da take ganinsa kullum, ba ta daina mamaki ba. Yakan ciji ƙotar sukudireba, ya ɗora bakinta a jikin rediyo, ya rufe ido, ya ce ciwon yana nan. A buɗe, a same shi nan. Yakan ɗebi geronta tsakanin yatsu uku ba tare da neman izini ba, ya watsa a kan takardar sifika, ya zauna yana kallon yadda ƙwayoyin ke tsalle. Ya ce mata lafiyayyar sifika geronta tare yake tashi, tare yake sauka. Mai ciwo kuwa sai ya gudu ya taru gefe guda. Ta ce ta ji, amma geron nata ne.

A shekara ta huɗu ta mulkin farar hula abubuwa suka tsuke. Sabulu ya zama abin layi, madarar gwangwani sai wane da wane, kayan gyara daga waje aka ce an rufe musu ƙofa. Duk da haka hanyar garin Shagari ba ta rabu da manyan motoci ba. Cikinsu babu irin ta Alhaji Mainasara ɗan kwangila: ja wur, doguwa, kujerun fata, rufinta yana naɗewa baya kamar tabarma. Daso ta ce da ta fara ganinta ta zaci haɗari aka yi da ita kan ya fille.

Wata Litinin da hantsi motar ta tsaya gaban teburin Na'Allah, tasha ta watse ta dawo kanta. Alhajin ya fito yana huci. Ya ce ya kai ta Kaduna an sa mata sifiku huɗu, an karɓi abin da aka karɓa, amma da zarar ya buɗe rufi ya hau titi, sai kiɗa ya koma kukan sauro. Kalangu yake so ya ji a ƙirjinsa. An ce masa akwai wani mai kunne a Bodinga. Ya ba shi kwana biyar, ranar Asabar kuma tare za su hau hanya, mai gyara ya zauna gefensa, ya ji da kunnensa, ya gaya masa gaskiya.

Na'Allah ya ce to. Daso ta ga gumi yana bin bayan wuyansa. A kan titi babu katako.

Aka tura motar ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, aka kewaye ta da zana saboda 'yan kallo. Daso ta riƙa shiga da sunan kai masa ruwa. Ta ga ya kwance ƙofofin ya fito da sifikun, ya jera su bisa tabarma kamar faifai huɗu. Rana ta riga ta cinye bakin biyu, gefensu ya yi ruɓu-ruɓu, kuma sababbi babu su ko a Sakkwato. Ya tafi wajen masu tandu ya samo tantani mai laushi, ya yanka shi zobe-zobe, ya liƙa da gam, yana bin sa da ɗan yatsa kamar mai shafa wa jariri kwalli.

Amma babban ciwon ba nan yake ba. Rana ta uku ya ɗauki batirin tocila guda, ya watsa gero a kan sifikun, ya riƙa taɓa wayoyinsu da shi yadda aka ɗaura su a Kaduna. Biyu suka cilla geron sama. Biyu suka zuƙe shi ƙasa. Ya yi dariya har da buga cinya, abin da ba ta taɓa gani ba. Ya ce mata an juya musu waya ne, wata na turawa wata na ja, kamar mata masu daka a turmi ɗaya da hannunsu bai daidaita ba: ga gumi, ga wahala, hatsi yana nan. Sautin da wata ta haifa, 'yar'uwarta ke kashewa. Ya juya wayoyin, ya narka dalma ya ɗaure. Ya sassaƙa akwatin katako ya cusa masa auduga, ya sa sifikun baya a ciki, ya ɓoye bayan kujera, sifikun gaba kuma ya ɗago su su fuskanci mutum, ba gwiwarsa ba, don kada iska ta riga kunne samu.

Da ya saka kaset ya kunna, Daso ta ji kalangu ya shigo mata ta tafin ƙafa. Ta waiga don ta ga inda makaɗin ya tsaya. Hannunta bai je kusa da ɗankwali ba.

Saura hanya. Ranar Asabar ta ci ado, ta tsaya jikin motar ta ce wa Alhaji tana da barka a Lambara, kuma ba ta taɓa jin an hana tsohuwa ragin hanya an ga daidai ba. Alhaji ya dube ta, ya dubi taron jama'a, ya ce ta shiga. Ta cusa kanta a 'yar kujerar baya, inda madubin gefe zai nuna ta ga Na'Allah.

Dabarar ta mutu tun kafin su bar gonakin Bodinga. Alhaji ya taka mota, iska ta taso kamar za ta cire mata kai. Ta damƙe ɗankwali da hannu biyu, ta runtse ido, tana karanta duk addu'ar da ta sani. Ko gyarawa take ko riƙewa, babu mai iya bambancewa. Kiɗa kuwa yana tashi bisa iskar, manoma na miƙewa daga kunyoyin gona suna bin su da kallo, Alhaji na dukan sitiyari don daɗi.

Da ta buɗe ido ɗaya, sai ta ga Na'Allah ko madubin ba ya kallo. Ya shimfiɗa tafin hannu a jikin ƙofa, ya cire takalmi ya dafa ƙasan motar da ƙafa, idonsa a rufe. Suna shiga Lambara ya ɗaga hannu ya ce a tsaya.

"Ranka shi daɗe, da saura. Akwai abin da ka ɓari cikin ƙohwar da ke gehenka."

Alhaji ya ce shi bai ji komai ba, kuma ƙofar a kunnensa take. Daso ma ba ta ji ba. Na'Allah ya zagaya, ya kwance murfin, ya zura yatsu biyu ya fito da wani ɗan noti da bai kai ƙwayar wake ba. Aka sake kunnawa. Sai a lokacin su biyu masu kunne suka gane da akwai wani ɗan zuu da ya tafi.

Mutane sun taru. Alhaji ya tsaya bayan Na'Allah, wanda ke duƙe yana mayar da murfi, ya shiga yi masa kirari. Ya ce ya zaga Kano da Kaduna bai ga mai kunnen wannan bawan Allah ba, tafiyar tururuwa ma yana ji. Sannan ya ce, "Ko ba haka ba, Na'Allah?" Shiru. Ya sake tambaya. Daso ta buɗe baki za ta ce aiki ne ya ɗauke masa hankali, kamar yadda ta saba faɗa. Amma Na'Allah ya riga ya ɗago, ya ga fuskoki talatin suna jiran amsa daga gare shi. Ya san irin wannan kallo. Ya dube ta, ya girgiza kai kaɗan, ya miƙe.

"Alhaji, ban san mi kac ce ba. Ba ni ji. Shekara bakwai ke nan ban ji ko kiran salla ba."

Alhaji ya yi dariya, ya ga shi kaɗai ke yi. Ya sa Na'Allah ya matsa kan rairayi ya juya baya, ya danna oda, ƙahon motar, da dukan ƙarfinsa. Tsuntsaye suka tashi daga bishiya, wata akuya ta tsinke igiya. Na'Allah yana tsaye yana kallon gonar dawa. Alhaji ya cire hula ya riƙe a hannu, ya yi ta salati. Wani dattijo ya matso ya kama hannun Na'Allah yana jujjuya shi, yana duba yatsun ɗaya bayan ɗaya.

Labari ya riga su isa Bodinga. Abin da ya ji tsoro ya faru: kashegari mutum uku suka zo suka ɗauke rediyonsu ba a gyara ba, ɗaya har yana cewa dama ya lura muryar rediyonsa ta canja. Daso ta ce masa muryar matarsa ce ya kamata ya kai gyara. Mako biyu teburin yana wayam, Na'Allah na zaune yana goge kayan aiki masu tsabta.

A mako na uku wata farar mota ta zo daga Sakkwato, mai ita ya ce shi wurin kurman nan aka aiko shi. Bayanta wata, bayanta wata. Masu rediyon da suka gudu suka dawo suna sosa ƙeya, kowa kuma sai ya ce a watsa masa gero ya gani. Daso ta ja katakonta ta sa a murhu, ta ce ko banza itace ya yi tsada.

Da aka gama girbi, wani mai garejin manyan motoci a Sakkwato ya aiko masa, ya ce ɗaki guda nasa ne. Bai fi wata biyu da tafiya ba soja suka karɓi mulki. Motar Alhaji Mainasara aka ce an tura ta bayan rumbu an lulluɓe da kara. Shi Na'Allah, daga baya wani direba ya ce ya gan shi a Yamai, motoci sun yi layi a ƙofarsa. Daso ba ta sake sa shi a ido ba.

Ranar da zai tafi, ya zo da akwatin kayan aikinsa a ka, matarsa na jira cikin mota, ya durƙusa zai fara doguwar godiya. Ta ce ya tashi, yana tare mata masu saye. Sannan ta kama haɓarsa ta juyo da fuskarsa saitin bakinta, ta yi magana a hankali yadda ba zai rasa ko kalma ba.

"In za ka ƙetare titi, ka duba baya sau biyu. Direbobin birni zato sukai kowa na jin oda."