Gidan da Maigidana Ya Zana Mini

Ban san boko ba, ɗiyata ke rubuta wannan, ni kuma ina faɗa. In na tsaya kuka sai ta jira ni, don tun da maigidana ya rasu ba ni iya ambatonsa idona bushe.

Shekarar da aka fara ba mu mata damar jefa ƙuri'a, muna Kamarawa. Ɗan jiharmu ta Sakkwato na neman shugaban ƙasa, maigida kuma ya riga ya cika baki a kasuwar Isa cewa ƙuri'a biyu za ta fito masa daga gidanmu. Alamar jam'iyyarsa gida ce, in ji maigida. Ya ɗauki gawayi ya zana mini a bangon ɗaki don kar in ɓata. Allah ya jiƙansa, noma ya iya, ba zane ba. Abin da ya fito rumbu ne sak, da cikinsa da hularsa ta ciyawa.

Ranar zaɓe na shiga bayan zana da takarda, na duba sama na duba ƙasa, babu rumbu. Matan da ke layi suna ta kira in fito, ko haihuwa nake yi. Sai idona ya faɗa kan zakara, kamar jan zakarana na gida, wanda na hana a yanka ko da surukaina suka zo daga Turba. Na dangwala masa. Sai a hanya wata ta ce mini gidan mai kwano ne, da masara a gefe.

Da rediyo ya ce jiharmu ta bi ɗanta, maigida ya yi rawa a tsakar gida da hula a hannu, yana cewa har da ƙuri'ar matarsa aka ci. Kunya ta kama ni. Na kamo jan zakaran na miƙa masa ya yanka, muka ci da maƙwabta. Ban faɗa masa ba, ina tsoron ya ji na zubar masa da girma. Zaɓe ya yi ta zuwa yana wucewa, maganar na cikina.

Da ciwonsa na ƙarshe ya yi nauyi, na ce ba za ni bari ya tafi da ƙaryata ba. Ina ba shi kunu na faɗa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Ke, matar da ta hana uwata zakaranta, ta ba da shi don zaɓe? Tun ran nan na sani."

Na ce, "Malam, laifin rumbunka ne."

Ya ce to a bar shi a haka, ya ci nama, ɗan jiha ya ci mulki. Ya miƙo baki na ƙara masa kunun.