Ƙararrawar Jirgin Kakanmu

A gidanmu na haya kusa da Wendover babu murhu, sai wata 'yar hita da muke kewayewa bayan magariba. Nan kakarmu Inna, wadda aka ɗauko daga Gaya ta bakin kogi, take mana tatsuniya. Mu biyu ne: ni da Habibu, ɗan ƙanin babana, wanda ya zo Amurka da Hausarsa cak. Ni kuwa da Turanci nake amsa mata. Gefen damanta nasa ne, kuma wallahi abin yana cina.

Tatsuniyarta ɗaya ce take juyawa. Wai Jirgi na ruwa da Kamiyo, babbar motar kaya, suka yi gardamar dako. Jirgi yana tafe a hankali, cikinsa fal da gero da albasa, mai kaɗan ya ishe shi. Kamiyo ga gudu ga shan mai, ga ƙaramin ciki. Sai hukuma ta shimfiɗa wa Kamiyo kwalta, ta daina yashe kogi. Yashi ya cike hanyar ruwa, Jirgi ya kafe, hatsi ya yi tsada.

Kullum sai ta ce, "Habibu ne Jirgi. Ke Zainabu, Kamiyo ce, ba ki zama wuri ɗaya."

Ran nan na fashe da kuka na ce, "Inna, me ya sa kullum shi?"

Ta ce, "Shi yana tambayata zurfin ruwa. Ke kina tambayata yaushe zan gama."

Na yi fushi na koma gaban talabijin. Wata uku ban zauna ba, ina jira ta kira ni. Ta bango nake jin dariyarsu, zuciyata tana tafasa.

Da ta rasu, ta bar wa Habibu wata ƙararrawar tagulla. A ranar na ji cewa ta jirgin dakon mijinta ce, wanda ya ruɓe a kan yashi a Gaya. Ashe ba tatsuniya ba ce, kuma Habibu ya daɗe da sani.

Yanzu a kamfanin hatsi nake aiki, ina tsara lodin jiragen da ke bin kogin Mississippi. Na ga arhar dakon kogi ba kyauta ba ce: sai gwamnati ta yi ta yasa, shekara bayan shekara, in ba haka ba ya toshe. Haka Habibu ya yi da Inna, tambaya bayan tambaya.

Har yau idan na je gidansa a Pleasant Garden na ga ƙararrawar, kishi yana taso mini. Bara na roƙe shi labarin kakanmu. Ya fara da Hausa, ya dubi fuskata, sai ya juya Turanci.