Layi ɗaya da Malam Tankari ya ƙi gogewa

Ƙarfe takwas da rabi na safe, kafin masu shagunan tufafi na unguwar Sanyuanli da ke birnin Guangzhou na ƙasar China su gama ɗage ƙofofinsu, Malam Tankari ya riga ya fito daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, jakarsa ta fata a hammata. Zai tsaya wurin tsohuwar da ke sayar da dafaffiyar masara ya sayi guda, ya hau bene na uku, ya buɗe ɗan ofishinsa da ko tabarma biyu ba za su shimfiɗu a ciki ba. Abu na farko da yake yi shi ne jan labule. Na biyu, ya juya fuskar kwamfutarsa yadda mai shigowa ba zai ga komai ba. Shekara goma sha bakwai ke nan yana zaune a Guangzhou, ƙarshen watan nan kuma zai tattara ya koma Kano.

Aikinsa fassara ne, daga Sinanci zuwa Turanci. Karatun harshen ne ya kawo shi, ya gama, ya zauna. Da farko takardun aure da na makaranta yake yi wa mutane. Da tsaro ya taɓarɓare a gida, sai 'yan kasuwarmu da suka daɗe a nan suka fara neman lasisin bindigar farauta, saboda gona ko gidan da suka bari a ƙauye. A China dai ba mai sayen bindiga, ko maganarta ba a so. Amma can gida, kafin a ba ka, sai an bincika wane ne kai: ina ka zauna, an taɓa kama ka, ya lafiyarka take? Wanda ya shekara goma a Guangzhou, amsar waɗannan tambayoyi tana nan Guangzhou, a takardar 'yan sanda da rahoton likita, a rubuce da harshen da shi kansa mai takardar bai iya karantawa ba. Dole ta bi ta hannun wani. Ta hannun Malam Tankari take bi.

To, ka san halinmu. Mutum zai ɗauki hoton fasfonsa da rahoton asibitinsa ya watsa ta waya kamar katin gayyatar ɗaurin aure. Malam Tankari ba ya karɓa. Sai ka tako da ƙafarka, ka zauna a gabansa, ya karanta maka abin da aka rubuta a kanka kai kaɗai. In ka zo da aboki, abokin zai jira a baranda, ko da uwarku ɗaya. Idan ya gama, ya miƙa maka takardarka da fassararta, ya goge nasa kwafin daga kwamfuta kana kallo. A littafinsa lamba da kwanan wata kawai za ka gani, babu sunan kowa.

Akwai wani shagon buga takardu a ƙasan benen. Hajiya Ladidi, mai sarin mayafai, ta ce ita ce shaida ranar da aka naɗe mata samfurin maɓallai a wata takarda, ta kai wa Malam ya duba mata farashi, ashe bayan takardar rahoton likitan wani Alhaji ne da injin ya ɓata, mai shagon ya ajiye don naɗe kaya. Ta ce ba ta taɓa ganin fuskar Malam ta canza ba sai ranar. Tun daga nan, in zai buga takarda, tsaye yake a kan injin, duk wadda ta lalace ya cusa a jaka. Mai shagon har tsokanarsa yake: “Laoban,” wato maigida da Sinanci, “shara ma taka ce?” Shi kuwa sai ya yi murmushi ya miƙa hannu.

Wannan duk ƙananan abubuwa ne. Babban shi ne abin da ya faru tsakaninsa da Alhaji Shitu, dillalin takalma, wanda ba a cika kwantena a tashar jiragen ruwa ta Huangpu babu kayansa a ciki. Alhaji Shitu ne da bakinsa ya ba da izinin a rubuta wannan labari, in ba haka ba da babu mai jin sa.

Shekara shida da suka wuce ya kawo takardunsa. A rahoton asibitin akwai layi ɗaya da ya ce an taɓa kwantar da shi saboda matsananciyar damuwa bayan rasuwar matarsa, har ya yi yunƙurin cutar da kansa. Malam ya karanta masa a hankali. Alhaji ya matso da kujera.

“Malam, wannan layin ka tsallake shi. Wa zai sani? Su can ba Sinanci suke ji ba.”

“Alhaji, ni zan sani. Kuma bindiga ce fa za a ba ka.”

“Na warke, wallahi na warke! Ka san me mutanenmu za su kira ni in suka ji?”

“Na sani. Daga bakina dai ba za su ji ba. Ka koma wurin likita ya rubuta cewa ka samu sauƙi, in fassara maka duka biyun. Amma ban iya rage ko harafi.”

Alhaji ya fizge takardunsa ya fita. A lokacin yana neman shugabancin ƙungiyar 'yan kasuwa, kuma tsoro ya cika shi cewa asirinsa na hannun wani. Sai ya riga shi. Kafin Juma'a ta zagayo, magana ta karaɗe gidajen abinci da masaukai cewa Tankari ya riƙe wa Alhaji Shitu aiki don wulaƙanci, kuma wai yana ajiye takardun mutane yana nuna wa wasu.

Kwamitin ƙungiya ya kira Malam. Alhaji Maidaji, dattijon da ke jagorantar zaman, yana ƙaunar Malam, ya kuma so ya fitar da shi.

“Malam Tankari, abu mai sauƙi ne. Faɗa mana me ya haɗa ku, ka wanke kanka.”

“Ranka ya daɗe, takardarsa tana hannunsa. Shi za ku tambaya.”

“Kai muke tambaya. Kalma ɗaya ta isa.”

“Ba ni da ita, ranka ya daɗe.”

Alhaji Shitu yana zaune a ɗakin. Malam ko kallon inda yake bai yi ba, don kada wani ya karanci wani abu a idonsa. Aka yanke cewa ƙungiya ta daina tura masa mutane. Ofishin ya gagare shi riƙewa. Shekara biyu yana aiki a teburin ƙarshe na wani gidan abinci, bayansa jingine da bango, yana fassara wa ɗalibai takardun makaranta. Waɗanda da suke tsayawa su gaishe shi suka koma ɗaga hannu daga nesa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, matarsa Ummu Salma ta ce har ramewa ya yi. Ita ma ta tambaye shi, ta yi fushi, ta yi lallashi, ba ta samu komai ba.

Malam Tankari, kai ne aka ba zaɓi tsakanin mutuncinka da na wanda ya ɓata maka suna, ka zaɓi nasa. Ƙarya ɗaya a takarda da ta sama maka aboki mai ƙarfi, gaskiya ɗaya a gaban kwamiti da ta dawo maka da ofishinka, ka ƙi duka biyun. Rumbu mai murfi, na Ummu Salma! Mu da muke ganin shirunka girman kai ne, yau kunya ta ishe mu.

A hankali mutane suka dawo, don sun jira su ji asirin wani ya fito daga wurinsa, shiru. Ya sake kama ofishinsa. Bai taɓa neman a ba shi haƙuri ba, ba kuma wanda ya ba shi.

Ranar Asabar da ta wuce aka yi masa walimar bankwana bayan la'asar. An ci, an yi addu'a, ana shirin tashi, sai Alhaji Shitu ya miƙe. Ya faɗi komai: rashin lafiyar, layin da ya nemi a goge, ƙaryar da ya ƙulla.

“Lasisin nan ban sake nema ba,” in ji shi. “Bayan shekara ɗaya ciwon ya dawo mini ina gida Kano, ni kaɗai a ɗaki. Da akwai bindiga a ɗakin nan, da ba ni ne tsaye a gabanku ba. Yanzu ina shan magani, lafiyata ƙalau, ba na kuma jin kunyar faɗa. Malam, ka yafe mini don Allah.”

Malam Tankari ya tashi ya kama hannunsa da hannu biyu. “Na yafe tun tuni, Alhaji. Zauna.”

Da aka fito, Alhaji Maidaji ya riƙo shi a bakin matakala, idonsa ya yi ja.

“Ashe abin da ke cikin takardar ke nan? Shekara shida, Malam!”

“Ranka ya daɗe, abin da ya faɗa nasa ne, yana da ikon faɗa. Ni abin da na karanta, har yanzu ba a ce in faɗa ba.”

Mun gode, Malam. Allah Ya kai ka gida lafiya, Ya rufa maka asiri duniya da lahira kamar yadda ka rufa wa bayinSa. Ku kuma da takardun mutane ke bi ta hannunku, a asibiti ne, a ofishin lasisi, ko a shagon buga takardu, ga wanda za ku kalla. Kada ku rage gaskiya don mai takarda ya ji daɗi, kada kuma ku kai ta inda ba a aike ku ba. Mutum ɗaya ya yi hakan a bene na uku a Sanyuanli, yau ga Alhaji Shitu da ransa yana aurar da 'ya'yansa.