Kwat Mai Zubabbiyar Kafaɗa

Telan danginmu Kuskure ake kiransa, kuma shi ya jawo wa kansa. Shekara ashirin yana taka keke a wani shago da in ka yi atishawa sai ka bugi bango, bai taɓa ɓata wa baƙo yadi ba. Amma da zarar wani nasa ya shiga matsi, sai almakashinsa ya haukace. Wando ya gajarce daidai ƙafar wane, riga ta tsuke daidai jikin wance, ya kawo yana sosa ƙeya: "Kuskure aka yi, ku rage mini kaya."

Kawu ne ya gagare shi. Tsohon malamin Turanci ne, da ya karɓi kyauta gara ya haɗiyi alli. Makarantar da ya koyar ta gayyace shi karɓar lambar yabo, ya ce ba za shi ba. Kuskure ya san dalili: kwat ɗinsa guda ce, ta huje a gwiwar hannu, iska na shiga tana fita ba sallama.

Ba halin kai masa tef ɗin awo. Sai ya tsiri gaisuwa safe da yamma yana auna shi da ido, har Kawu ya tambaya ko aure yake nema a gidan.

Ana jibi taro ya iso da kwat a leda.

"Kawu, na yi ɓarna. Kafaɗar hagu ta zube, mai ita ya ƙi karɓa."

Kawu ya saka. Ta zauna ɗas! Dama kafaɗarsa ta hagu a karkace take, shekara talatin tana ɗaukar jakar littattafai.

Ya daɗe a gaban madubi.

"Kai ja'iri," in ji Kawu, "Turawa na da kalma kan irin wannan kuskuren, deliberately, wato da gangan. Asalinta daga sikeli ne a Latin: abin da aka auna kafin a aikata. Yawanci mai laifi ake jefa wa ita."

"Ni dai Kawu aji uku na yi."

"To ka gaya wa mai kwat ɗin ya yi asara." Ya gyara kwala. "Allah ya yi maka albarka. Jibi kai za ka raka ni."

Hoton taron na nan a shago, saman keke, a karkace. Telan ya ce kuskure aka yi.