Ranar da Anka Yi Wa Tafkina Aski

Ko daga barci kunka tashe ni, zan ba ku labarin ranar da mutanen kirki sunka kashe mini aiki saboda tsabar ladabi. Lokacin ina ƙaramin duba-gari a wani ƙauye tsakanin Rabah da Wurno.

Ku sababbin ɗauka, ga yadda aikin yake. Ruwan ƙazantar gari duka, na wanka da wanki da na mahauta, kwata ɗaya ke kwaso shi zuwa bayan gari, inda anka haƙa tafkuna uku. A na farko dauɗa ke kwantawa. A na biyu rana ta dake shi. Na uku kuwa shalla munka dasa, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, saiwarta ke tsotse sauran dattin. Abin da ya fito nan shi ake sakar wa masu albasa da rani. In an gwada bai yi ba, doka ta ce a rufe bakin ruwan.

To, manomin fadama ba shi da maƙiyi irin shalla. Duk wanda ya taɓa ban-ruwa wajen Goronyo ya san yadda take toshe hanyar ruwa. Na faɗa a masallaci, na faɗa a kasuwa, cewa wagga ta aiki ce. Kowa ya ce "To, Malam," a ransa yana cewa boko ya taɓa ni.

Sai anka ce injiniya za ta zo daga Sakkwato gwajin ruwa. Al'adar garin, in babban baƙo zai zo, gayya ake yi a share ko'ina. Na iso da hantsi bisa babur, na hangi tafkina fes, an yi mishi aski ƙwal. Ga Baba Mamman, jagoran gayyar, wanda albasarsa ce ta farko a bakin ruwan, riƙe da lauje yana washe baki.

"Baba, mi kunka yi haka?"

"Mun hisshe ka kunya, duba-gari. Baƙuwa ta taho tun daga Birni ta ishe ka cikin daji? Ba sai ka yi godiya ba."

Wallahi sai da na zauna ƙasa. Dariya ta zo, kuka ya zo, na rasa wanda zan fara.

Injiniya ta iso. Ta dubi tulin shallar a gefe, ta dube ni, ta tsuguna ta ɗebi ruwan a kwalba. Ba ta ma buɗe akwatin gwajinta ba hancinta ya gama aikin, amma ta gwada don a cika ƙa'ida.

"A rufe," ta ce.

Na ce, "Ranki ya daɗe, da lauje sunka yanke, saiwar tana nan, za ta tohu."

"In ta tohu ka kira ni. Ba zan sa a zuba wa abincin mutane wannan ba."

Ni da hannuna na rufe bakin ruwan, Baba Mamman na tsaye. Albasarsa ta fara kai ke nan. Ya yi ta jigilar ruwa da jaki daga gulbi, tsoho da shi, duk da haka gefen gonar ya ƙone. Ni kuwa ban ce mishi ai na faɗa ba, ko da yake bakina ya yi ƙaiƙayi.

Da shalla ta tohu, injiniya ta dawo, anka buɗe. Tun daga nan ban sake yi wa kowa wa'azin tafki ba. A aikinmu, mutum bai yarda da abin da ke tsabtace mishi ruwa sai ranar da ya rasa shi. Baba Mamman ya kafa rumfa a bakin tafkin, da sanda. Akuya ba ta isa ba, masu saƙar tabarma ma sai kallo daga nesa.

Bayan shekara anka ce shugaban ƙaramar hukuma zai zo, matasa sunka fito da lauje. Baba Mamman ya tare hanya.

"Ku share gidan ubanku," ya ce. "Wanga daji ba a taɓa shi, ko Gwamna ka zuwa."