Askar Alzuma a Maƙerar Nyandu

Nyandu maƙeri ba ya amsa gaisuwa da baki. Rumfarsa tana bayan 'yan kifi a kasuwar Doso, inda ubansa ya yi ƙira, kuma duk wanda ya zo koyon aiki wurinsa sai ya kore shi, har 'ya'yan cikinsa. Dambunsa na zogale shi kaɗai yake ci, ya juya wa hanya baya. Duk da haka wanzaman garin wurinsa suke kai aska.

Ba na ƙaunarsa. Shi ya wasa askar da Alzuma wanzami ya yi wa ɗana Sumana kaciya da ita. Jinin bai tsaya ba, kafin mu isa asibiti yaron ya cika. Aka ce kwana ne ya ƙare. A gidanmu ba a sauya wanzami, kakan Alzuma ne ya aske kakana. Don haka da sanyi ya shigo, ƙanena Hima ya sa ranar kaciyar 'ya'yansa biyu, a hannun Alzuma. Na hana, ya ce baƙin ciki ne ke damuna.

Ana cikin haka askar ta faɗi kan dutse, bakinta ya ɓalle a tsakiya, ƙotar ta tsage. Askar gado ce da aka yi wa tofi tun zamanin kakan Alzuma. Alzuma yana aske kai da kowace aska, amma ba ya kaciya sai da ita. Da na ji ya nufi maƙera, na bi shi, na zauna kan kututture.

"Malam, alli za a wasa maka?" in ji Nyandu, don ya san ni malamin makaranta ne.

"Zama na zo yi."

Alzuma bai dube ni ba. Ya ajiye askar kan uwar maƙera ya ce, "Ka share giɓin, ka mai da ita yadda take. Jibi ina da aiki."

Nyandu ya juya ta, ya ƙwanƙwasa da farce. "Wa ya yar da ita?"

"Zamewa ta yi."

"Ubanka ya riƙe ta har ya tsufa, ba ta taɓa zamewa ba. Miƙo hannunka in ga ko rawa yake."

"Ni za ka duba, baƙin maƙeri? Kai da ko mai ɗaukar gawarka ba ka da shi?"

"In na mutu dai ba kai za ka min aski ba, tsohon banza."

Alzuma ya cusa hannuwansa cikin riga, bai fito da su ba.

A wurinmu, ƙarfen da ya hau uwar maƙera na maƙeri ne har sai ya miƙo shi da kansa. Ba mai kai hannu. Alzuma yana kallo Nyandu ya danƙe askar da awartaki daidai giɓin, ya buga sau ɗaya, ta rabu biyu. Ya jefa gaban cikin gawayi. Sauran guntun ya goge masa kai da magagari har ya kewaye, ya wasa bakin yana tsoma shi a ruwa kada ya yi zafi, ya sa masa ƙotar ƙahon sa da ƙusar tagulla. Ya gwada a damtsensa, gashi ya zube. Amma tsawonta bai wuce babban yatsa ba. Kaciya kuwa ja ɗaya ake yi, guntuwar aska ba ta kaiwa.

"Allah ya isa!" in ji Alzuma. "Ka kashe gidanmu!"

"Gemu dai za ta aske. Je ka nemi tsofaffi irinka."

Alzuma ya ɗauke ta, ya tofa yawu bakin rumfar, ya tafi.

Na miƙe zan yi magana, Nyandu ya ɗaga guduma.

"Kada ka soma. Ba don ɗanka na yi ba. Ba na son a ƙara ambaton ƙarfena a wurin makoki. Tashi ka ba ni iska."

Hima ya kai yaran asibiti don dole, sun kuma warke. Ya ce ni na sa aka lalata askar wanzamin gidanmu. Har yau bai taka ƙofata ba.